Haman da Nehemiya: Gargaɗi ga Masu Farautar Farin Ciki

Akwai wata koyarwa da ta shigo ikkilisiyoyinmu ba da sallama ba, ta samu kujera a sahun gaba, har mun saba da ita kamar tare aka haife mu. Koyarwar tana cewa manufar rayuwar mai bi ita ce ya ji daɗi, kuma duk wanda ba ya jin daɗi akwai abin da ya lalace a bangaskiyarsa. Ba kasafai ake furta ta haka ƙarara ba. Ana jin ta ne a irin shaidar da muke yi wa tafi, da irin taken da muke rataya wa kowace sabuwar shekara, da yadda muke gaggawar rufe bakin mai kuka. Ina so in yi jayayya da ita a fili, domin na ga ɓarnar da take yi, na kuma tabbata ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba.

Ku tuna da lokacin shaida a sujadar Lahadi. Wani ya tashi ya ce an yi masa ƙarin girma a wurin aiki, muka yi tafi. Wata ta ce ɗanta ya sami takardar fita waje, muka yi guɗa. Wani ya kawo makullin sabuwar mota domin a sa albarka. Ba laifi a gode wa Allah saboda waɗannan, wajibi ne ma. Amma a bencin baya akwai gwauruwa wadda tashin hankali ya raba ta da ƙauyensu da mijinta, tana tuyar ƙosai tun asuba domin ta biya wa marayu huɗu kuɗin makaranta. Ba ta taɓa tashi ba, domin mun nuna mata ta halinmu cewa ba ta da shaida. Bayan an tashi kuma sai wata 'yar'uwa ta tare ta a bakin ƙofa ta ce, “Haba Mama, saki fuskarki mana, ai ɗan Allah ba ya baƙin ciki.” Ta zo majami'a da kaya ɗaya, ta koma gida da biyu: baƙin cikin da ta zo da shi, da zargin kai cewa baƙin cikin nan zunubi ne.

Ga abin da nake so in tabbatar. Farin ciki, in aka sa shi gaba aka ce shi kaɗai ake nema, gudu yake yi, ya bar mai nemansa da hassada da gajiya. Yana zuwa ne a bayan wani abu, kamar yadda barci mai daɗi yake zuwa wa manomin da ya wuni a gona. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai bi kowace safiya ita ce: mene ne ya isa in damu da shi, har in yarda in sha wahala dominsa? Littafi Mai Tsarki ya ba mu mutum biyu da suka yi aiki a fada ɗaya, kowannensu ya amsa wannan tambaya da rayuwarsa.

Mutumin da yake da kome

Shushan ɗaya ne daga cikin manyan biranen daular Farisa, kufansa yana nan har yau a kudu maso yammacin ƙasar Iran. A can ne Sarki Ahasurus, wanda ya hau gadon mulki wajen shekara 486 kafin haihuwar Almasihu, yake mulkin larduna 127. Littafin Esta ya gaya mana cewa sarkin ya ɗaukaka wani mutum mai suna Haman bisa dukan hakimansa, ya kuma umarta a riƙa rusuna masa a ƙofar fada. Kowa yana rusunawa, sai mutum ɗaya, Bayahude mai suna Mordekai.

Ku lura da wani abu a sura ta 3. Barorin sarki ne suka kai wa Haman labarin Mordekai. Kafin nan yana wucewa ta ƙofar nan cikin taron masu faɗuwa suna gaisuwa, yana jin duniya tasa ce. Daga ranar da aka nuna masa mutum ɗaya da yake tsaye, bai ƙara ganin masu rusunawa ba. Ya fusata har ya ga kashe Mordekai shi kaɗai bai ishe shi ba, sai ya yi wa sarki tayin talanti 10,000 na azurfa domin a hallaka Yahudawa duka.

A sura ta 5 aka buɗe mana cikin mutumin. Ya fito daga liyafar Sarauniya Esta yana cike da murna, ya ga Mordekai a ƙofa bai ko motsa ba, nan take murnar ta koma ɗaci. Ya isa gida ya tara abokansa da matarsa Zeresh, ya shiga lissafa musu dukiyarsa, da yawan 'ya'yansa maza, da girman da sarki ya ba shi, da cewa shi kaɗai sarauniya ta gayyata tare da sarki. Da ya gama lissafin sai ya furta da bakinsa cewa duk wannan bai amfane shi da kome ba muddin yana ganin Mordekai zaune a ƙofar fada. Suka ba shi shawara ya kafa gungume mai tsawon kamu 50 ya rataye shi, shawarar ta yi masa daɗi. Mun san ƙarshen labarin. Washegari shi ne ya ja dokin da Mordekai yake kai a dandalin birni, kuma a kan gungumen da ya kafa aka rataye shi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

In da Haman ɗan ikkilisiyarmu ne, da kowace Lahadi yana da shaida. Duk abin da muke roƙo a addu'ar dare yana da shi: muƙami, da kuɗi, da 'ya'ya, da shiga wurin manya. Duk da haka mutum ɗaya da ya ƙi sunkuyar da kai ya isa ya ƙwace masa daɗin su duka.

Dalilin da ya sa farautar ba ta kamu

Dalili na farko shi ne awo. Mai farautar farin ciki yana yawo da mudu a hannu, yana auna zuciyarsa a kowane lokaci. A wurin biki yana tambayar kansa ko yana jin daɗi yadda ya kamata. A sujada yana tambayar kansa ko ya ji wani abu. A gidan aure yana tambaya ko wannan ne iyakar abin da aka ce. Tambayar kanta ce take ɗauke hankalinsa daga bikin, da sujadar, da matar da take gabansa. Duk wanda ya taɓa kwanciya ya ce dole ya yi barci yanzu ya san abin da nake faɗa: gwargwadon ƙoƙarinsa, gwargwadon bushewar idonsa. A shekarar 2011 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Iris Mauss, da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna haka. Sun iske cewa waɗanda suka fi ɗora wa farin ciki muhimmanci sukan fi ƙarancinsa, musamman a lokacin da rayuwarsu take tafiya lafiya, domin a lokacin ne suke jin ba su kai inda suka zata ba.

Dalili na biyu shi ne sabo. Abin da ya hana ka barci bara saboda marmari, bana ka daina ganinsa. Wanda yake tafiya a ƙasa yana ganin babur ne ƙarshen damuwarsa. Ya samu, wata shida bai cika ba ya fara kallon masu mota. A shekarar 1978 Philip Brickman da abokan bincikensa suka yi hira da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti a Amurka. Ba su same su sun fi sauran mutane farin ciki da wani abin a zo a gani ba, kuma ƙananan abubuwan yau da kullum, irin su karin kumallo da hira da aboki, sun rage yi musu daɗi. Marubucin Littafin Mai-Wa'azi ya riga su gwada wannan tun da daɗewa. A sura ta 2 ya ba da labarin yadda ya gina gidaje, ya dasa gonakin inabi da lambuna, ya haƙa tafkuna, ya tara bayi da garkuna da azurfa da zinariya da mawaƙa, bai hana kansa kome ba. Da ya juya ya duba, ya iske hannunsa wayam. In sarki mai wannan hali ya gwada hanyar ya dawo ya ce ba ta ɓullewa, da wane jari mu za mu kai ƙarshenta?

Dalili na uku shi ne mafi haɗari. Mai farautar farin ciki yana miƙa makullin zuciyarsa ga wasu. Haman ya sa nasa a aljihun Mordekai, mutumin da ya fi tsana a duniya. Mu kuma mun raba namu ga mutane ɗari. Wayar da take hannunmu ta zama ƙofar fadar Shushan. Muna duba Facebook da WhatsApp kafin mu yi addu'ar safe, mu ga bikin wance da gidan wane, mu ƙirga waɗanda suka yaba hotonmu, mu kwana da ciwon wanda bai yaba ba. Muna gwada cikin gidanmu, wanda muka san ɗigarsa, da ƙofar gidan wani da aka yi wa fenti domin hoto.

Zuciyar da ta kai nan ba ta rasa masu ba ta shawara irin ta Zeresh. A shekarar 2016 wata harkar zuba kuɗi mai suna MMM ta yi wa 'yan Nijeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. Hukumomi sun yi gargaɗi, mutane suka toshe kunne, har da masu bi da yawa. A watan Disamba na shekarar aka dakatar da biya, kuɗin makaranta da jarin sana'a suka bi ruwa. A shekarar 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yawan matasa da matan aure da suke neman sauƙin zuciya a cikin kwalba. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ciwo, domin a kan bagade yake tsayawa. Shi ne mai wa'azin da yake cewa ka shuka iri na naira kaza, kafin kwana bakwai baƙin cikinka ya ƙare. Ranar ta takwas ta zo, baƙin cikin yana nan, kuɗin ba ya nan, sai a ce bangaskiyarka ce ta gaza. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Mutumin da ya ɓata fuska a gaban sarki

Bayan Ahasurus, ɗansa Artashate ya hau mulki. A shekara ta 20 ta sarautarsa, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu, akwai wani Bayahude a Shushan ɗin nan mai suna Nehemiya, shi ne mai shayar da sarki. Aiki ne na amana da na daraja. Yana cin abincin fada, yana tsayawa kusa da mutumin da ya fi kowa iko a duniyar wancan zamani. A ma'aunin da muke aunawa yau, Nehemiya ya riga ya iso.

Wata rana ɗan'uwansa Hanani ya zo tare da waɗansu mutane daga Yahuza. Nehemiya ne da kansa ya tambaye su halin da Urushalima take ciki. Da ya so ya tsare kwanciyar hankalinsa, da gaisuwa ta isa. Suka ce masa garun birnin a rushe yake, ƙofofinsa an ƙone su, mutanen kuma suna cikin wahala da wulakanci. Ya zauna ya yi kuka, ya yi makoki kwana da kwanaki, yana azumi yana addu'a. Wajen wata huɗu yana ɗauke da wannan nauyi, har ranar da sarki ya dube shi ya tambaye shi dalilin da fuskarsa ta ɓaci alhali ba ciwo yake yi ba. Nehemiya ya faɗa cewa tsoro ya kama shi ƙwarai. Duk da haka ya faɗi gaskiya, ya roƙi izini ya tafi ya gina birnin kakanninsa.

Ina tambayar masu cewa ɗan Allah ba ya baƙin ciki: me za ku ce wa Nehemiya a wannan rana? Da 'yar'uwar nan ta bakin ƙofa ta gamu da shi, da ta ce ya saki fuska. Amma ta wurin fuskar nan da ta ɓaci Allah ya buɗe ƙofar ginin garun Urushalima. Ubangijinmu da kansa ya yi hawaye a bakin kabarin Li'azaru, ya yi kuka saboda Urushalima, ya kuma gaya wa almajiransa a Getsamani irin nauyin da yake ransa. Koyarwar da ta mai da hawaye alamar rashin bangaskiya ta yanke wa Yesu hukunci tun kafin ta kai kan gwauruwa.

Nehemiya ya bar fada ya tafi kango. Kwana uku da isarsa ya fita da dare ya zaga garun, har ya kai inda dabbar da yake kai ta rasa wurin wucewa saboda tarin ɓaraguzai. Aka fara aiki, Sanballat da Tobiya suka fara ba'a, har Tobiya ya ce ko yanyawa ce ta hau ginin zai zube. Daga ba'a aka koma barazana. Sai rabin mutanensa suna gini, rabi suna riƙe da māsu, masu ɗaukar kaya kuma hannu ɗaya a aiki, ɗaya a makami. Shi da masu tsaronsa ko tufafinsu ba sa tuɓewa. Babu wanda zai kira wannan jin daɗi.

Abin da ya zaɓa, da abin da ya bari

Kowane ɗan Adam yana da damuwa, kuma abin da zuciya za ta iya ɗauka yana da iyaka. Ba a tauna taura biyu. Bambancin Haman da Nehemiya yana wurin da kowannensu ya kashe damuwarsa. Dubi abin da Nehemiya ya ƙyale. Ba'ar Tobiya bai rama ba, ya kai ta gaban Allah ya ci gaba da aiki. Sau huɗu Sanballat da Geshem suka aiko ya zo su gana a filin Ono, sau huɗu ya amsa cewa aikin da yake hannunsa ya fi ƙarfin ya bar shi ya sauko. A karo na biyar suka aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa mai ɗauke da ƙage cewa yana shirin naɗa kansa sarki. Ya musa a taƙaice, ya koma kan gini. Aka yi hayar wani ya tsorata shi ya ɓuya a Haikali, ya ƙi. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, domin ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa, alhali mutum 150 suna ci a teburinsa.

Dubi kuma abin da ya tayar masa da hankali. A sura ta 5 talakawa suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi da harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun fara shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nan ne Nehemiya ya husata. Ya tara taro, ya tsawata wa manya da shugabanni ido da ido, ya sa suka rantse za su mayar da gonakin. Mutumin da zagi bai motsa shi ba, kukan talaka ya motsa shi. Haman kuwa rayukan al'umma guda ba su dame shi ba, gaisuwar mutum ɗaya ta hana shi sakat.

Mu a wane gefe muke? Nawa ne daga cikin rigingimunmu na ikkilisiya suke kan garun da ya rushe, nawa ne kuma suke kan wanda bai rusuna ba? An raba zumuntar mata saboda zanen anko. An ƙaurace wa sujada saboda ba a kira sunan wani a sanarwa ba. An yi shekara ana gaba saboda kujerar dattijo. A cikin wannan shekarar kuma yaran da suke ajin Lahadi ba su da malami, matashin da ya faɗa shaye-shaye ba wanda ya je gidansu, dattijuwar da take kwance ba wanda ya kai mata Jibin Ubangiji. Mun ƙarar da damuwarmu a ƙofar fada, babu sauran da za mu kai kango.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, ashe Allah ba ya so mu yi farin ciki? Yana so, kuma Manzo Bulus ya lissafa farin ciki cikin 'ya'yan Ruhu. Amma 'ya'yan itace ba a ƙera su, itacen ake shayarwa. Wasiƙar da Bulus ya fi maganar murna a cikinta, wato wadda ya rubuta wa Filibiyawa, a ɗaure ya rubuta ta. A garin Filibi ɗin nan ne aka yi masa bulala tare da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare kuma fursunoni suka ji su suna waƙar yabo. Ba murna suka je nema Filibi ba. Bishara suka kai, murnar ta same su a kurkuku.

Wani kuma zai ce, wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, talaka ai dole ya nemi sauƙi. Gaskiya ne yunwa ba ibada ba ce. Uban da yake fafutukar ciyar da iyalinsa, da uwar da take neman kuɗin magani, ba su ne nake magana a kansu ba. Waɗannan sun riga sun zaɓi abin da ya isa a damu da shi. Ubangiji ya koya mana mu roƙi abincin yini, Nehemiya kuma ya yi faɗa domin a mayar wa talakawa gonakinsu. Koyarwar da nake yaƙi da ita talaka ta fi cuta, domin shi take karɓe wa ɗan abin da ya rage, ta kuma ɗora masa laifin talaucinsa.

Na uku zai ce, to, shi ke nan, zan daina damuwa da kome in huta. Wannan ma ɓata ce. Mai cewa ba ruwansa da kowa yana da abu ɗaya da ya dame shi, wato hutunsa, kuma wannan farauta ce iri ɗaya da wadda muke magana a kai. Firist da Balawen da suka ratse suka bar mutumin da 'yan fashi suka raunata a hanyar Yariko sun isa gida da tufafi masu tsabta. Basamariyen da ya tsaya ya yi asarar lokaci, da mai, da ruwan inabi, da dinari biyu. Shi Ubangiji ya ce mu yi koyi da shi. Duk abin da ka ƙaunata zai jawo maka ciwo wata rana. Wanda ya haifi ɗa ya sayi fargaba, wanda ya yi aure ya sayi haƙuri, wanda ya karɓi kiwon ikkilisiya ya sayi rashin barci. In ka guje wa ciwon duka, ka guje wa ƙauna.

Mu da muke karanta Maganar Allah da Hausa muna cin amfanin irin wannan zaɓi. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida bayan zazzaɓi ya galabaita shi, kuma sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Bayansu masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda yawancinsu ba a rubuta sunayensu ba, suka taka ƙauye ƙauye da ƙafa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da jin daɗi waɗannan mutane suka sa gaba, da ba mu da majami'ar da za mu tsaya a ciki mu yi wa'azin jin daɗi.

Inda murnar ta fito

An gama garun Urushalima cikin kwana 52. Ba da daɗewa ba jama'a suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra ya karanta musu Shari'a tun da sassafe har tsakar rana, suka fashe da kuka. A nan ne Nehemiya, mutumin da ya yi wata huɗu yana makoki, ya ce musu kukan ya isa. Ya sallame su su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da kome rabonsa. Ya san lokacin kuka, shi ya sa ya san lokacin dainawa. Ku lura kuma ko a ranar biki bai manta da wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba. A ranar keɓe garun aka raba mawaƙa ƙungiya biyu suka zaga ta kan ginin da Tobiya ya yi wa dariya, maza da mata da yara suna murna, har ana jin sowarsu daga nesa.

Ba zan ɓoye muku sauran labarin ba. Nehemiya ya koma wurin sarki, da ya sāke dawowa ya tarar an ba Tobiya ɗaki a harabar Haikali, an daina ba Lawiyawa rabonsu, ana ciniki ranar Asabar. Ya sāke ɗaura ɗamara. Littafinsa ya ƙare da roƙo cewa Allah ya tuna da shi. Wanda ya zaɓi abin kirki ba a yi masa alkawarin hutu a duniya ba. Abin da yake samu shi ne wahala mai ma'ana, da murnar da babu wani Mordekai da zai iya ƙwace ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ajiye mudun nan. A wannan mako zauna a gaban Allah ka lissafa abubuwan da suka hana ka barci a watan da ya wuce. Ka tambayi kanka game da kowannensu: wannan garu ne da ya rushe, ko kuwa wani ne bai rusuna mini ba? Abin da yake na biyu, bar shi a filin Ono, kada ka sauka. Abin da yake na farko, ko tarbiyyar 'ya'yanka ne, ko auren da ya fara tsagewa, ko maƙwabcin da yake kwana da yunwa, ko bashin da ka ƙi biya, ɗauki tubali ka fara. Ku kuma shugabanni, ku gyara lokacin shaida. Ku ba gwauruwar nan ta bencin baya wuri ta tsaya ta ce har yanzu tana kuka, har yanzu kuma tana riƙe da Yesu da marayunta huɗu. Ku bar ikkilisiya ta ji cewa wannan ma shaida ce, ta kuma tashi ta ɗauki rabonta na kayan.

Ya Ubangiji Allahnmu, ka gafarta mana yawan ƙarfin da muka kashe a kan abin da bai isa ba. Ka nuna wa kowannenmu garun da ka ba shi ya gina, ka ba mu zuciyar da za ta yi kuka a inda ya kamata, da ƙarfin ƙyale abin da ya kamata a ƙyale. Murnar kuwa mun bar ta a hannunka, ka kawo ta a lokacinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.